Sharhi: Har yanzu ana neman maganin jarabar hodar iblis

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Wanda jarabar heroin ta kama, likita na da methadone ko buprenorphine da zai ba shi. Mashayin giya ma akwai naltrexone. Amma wanda hodar iblis ta riƙe wa wuya, har yau hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ba ta amince da ƙwaya ko ɗaya dominsa ba. Kada kuma mu ce abin na can nesa ne, domin a 2022 hukumar NDLEA ta kama tan 1.8 na hodar a Ikorodu da ke Legas.

Hodar tana toshe hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ta kwashe sinadarin dopamine mai sa jin daɗi, sai ya taru, mutum ya ji daɗin da ya wuce kima. Bayan nan abinci da hira da iyali duk su zama lami.

Gwajin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na allurar rigakafi da Dakta Thomas Kosten ya jagoranta. Dabarar ita ce a koya wa garkuwar jiki ta cafke hodar tun tana cikin jini, kafin ta kai ƙwaƙwalwa. A sakamakon 2009, cikin waɗanda aka yi wa allurar, kashi 38 cikin 100 ne kawai jikinsu ya samar da isasshiyar kariya. Wasu da suka sha ba su ji komai ba, sai suka ƙara yawan hodar don su rinjayi allurar. Ku duba ƙarfin jaraba! Babban gwajin da ya biyo baya da mutum 300 bai ba da abin da aka sa rai ba.

Ba duka aka taru aka faɗi ba. Farfesa Bankole Johnson, haifaffen Najeriya, ya gwada topiramate, maganin farfaɗiya, a kan mutum 142 a Jami'ar Virginia, kuma a 2013 ya ba da rahoton ƙaruwar kwanakin da ba su taɓa hodar ba. A Holan ma dexamphetamine, wani magani mai ƙara kuzari, ya rage shan hodar a gwajin mutum 73 a 2016. Haske ne, amma mutanen sun yi kaɗan a ce an gano magani. Shi ya sa nake roƙon iyayen da ɗansu ke cikin wannan hali, kada su zuba kuɗinsu ga mai kwalbar da ya ce kwana bakwai ta raba yaro da hodar.

Abin da ya fi nuna amfani zuwa yanzu ba ƙwaya ba ce. Masanin halayyar ɗan Adam Stephen Higgins ya fara shi a jihar Vermont ta Amurka a farkon shekarun 1990: majinyaci ya kawo fitsari sau uku a mako, in an auna babu hodar, a miƙa masa takardar sayayya nan take. In ya jera makonni darajar takardar ta riƙa hawa, in ya koma ruwa a dawo da ita farko, amma ba a korarsa daga asibiti.