Lamba 87: mawaƙin Lituwaniya a cikin lifta

Masu karatu, ku kawo hoton wannan mutum a ranku. Farar safa a hannu, kakin ma'aikatan otal a jiki, lamba 87 a maƙale. Aikinsa ya buɗe ƙofar lifta, ya rufe, ya kai baƙi sama, ya sauko da su. Sunansa Antanas Garšva, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da gida mawaƙi ne mai rubuta waƙoƙi a Lituwaniya.

Shi ne tauraron littafin labari Balta drobulė, wato Farin Likkafani, na Antanas Škėma. Marubucin ya bar ƙasarsa a 1944 da sojojin Sobiyet suka dawo, ya zauna a sansanonin gudun hijira a Jamus, ya isa Amurka a 1949, kuma shi ma ya tuƙa lifta a wani otal a New York. A Landan aka buga littafin a 1958, don a gida babu hali. Škėma ya rasu a hatsarin mota a 1961.

Inda mai karatu kan ɓace shi ne tsarin. Labarin ba ya bin layi ɗaya. Abin da ke faruwa a zahiri bai wuce yini da kwana ba, amma an saƙa shi da zare uku: aikin otal na yanzu, tunanin soyayyarsa da Elena, matar wani injiniya, sai kuma rubuce-rubucen Garšva, inda yake magana da bakinsa kan ƙuruciya, da mahaifiyarsa mai taɓin hankali, da azabar da ya sha lokacin mamayar Sobiyet. Dabarar ita ce a duk babi ku tambayi kanku, wa ke magana? In kun ji "ni", to kun shiga rubuce-rubucen Garšva.

Ku kuma saurari harshen, don a nan ciwon yake. Amshin da ke ta dawowa shi ne "up ir down": kalmomin Turanci biyu na sama da ƙasa, an ɗaure su da "ir", wato "da" a yaren Lituwaniya. Harshen uwa ya koma ɗan ƙaramin haɗi tsakanin kalmomin baƙi. Garšva na neman tsira a tsoffin amsoshin waƙoƙin gargajiya, yana so ya gina waƙa da su, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta kai shi ba. A shafin ƙarshe yana zaune a ƙasa yana yayyaga takarda, hankali ya gushe.