Darasi: Yaƙar Cututtukan Kaska Ta Hanyar Yi Wa Ɓeraye Magani

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro na Birnin Kebbi, Argungu, Jega da sauran garuruwa da rugagen da muryar nan take kaiwa. Darasinmu na yau a kan kaska ne, kuma daga ramin ɓera za mu faro shi.

Rayuwar kaska tana da matakai huɗu: ƙwai, 'yar mitsitsiya mai ƙafa shida, matsakaiciya mai ƙafa takwas, sannan babba. Daga ƙyanƙyasa, ba ta wuce wani mataki sai ta sha jini, kuma a nau'o'i da yawa jinin farko na ƙananan dabbobi ne, irin su ɓera, kurege, bushiya da zomo. Idan dabbar tana ɗauke da ƙwayar cuta, a nan kaskar take ɗauka, ta riƙe ta har ranar da za ta ciji mutum.

A Amurka aka fi bin diddigin wannan al'amari saboda cutar Lyme, wadda aka fara lura da ita a 1975 a wani gari mai wannan suna, aka kuma bayyana ƙwayar da ke haddasa ta a 1982. Babban ma'ajin ƙwayar a can wani ɓeran daji ne mai fararen ƙafafu. Masana suka ga cewa zuba guba ba zai biya buƙata ba, domin idan ɓera ya mutu wasu ɓerayen ne suke maye gurbinsa, saboda haka suka bar shi da ransa, suka mai da shi mai kai wa kaska magani har gida. Dabara ta farko ita ce a jiƙa auduga da maganin ƙwari mai suna permethrin, a cusa ta cikin ƙananan bututun kwali a ajiye a gindin ciyayi. Ɓera zai kwashe ta ya shimfiɗa a raminsa, maganin ya shafi gashinsa, kaskar da ke jikinsa ta mutu. Ta biyu wani ɗan akwati ne mai abinci a ciki, wanda duk ɓeran da ya shiga sai ya goga jikinsa da wani lagwani mai maganin fipronil.

A nan ina roƙon ku da ku ƙara natsuwa. An yi wani babban gwaji a unguwanni 24 na jihar New York, aka fitar da sakamakonsa a 2022. Akwatunan sun rage yawan kaska da kusan rabi, amma yawan mutanen da suka kamu da cuta bai ragu ba. A ganina wannan ba dalilin watsi da dabarar ba ne, sai dai ya nuna ita kaɗai ba ta isa ba, tunda mutum yana haɗuwa da kaska a wurare da yawa, kuma cizo ɗaya ya isa ya kwantar da shi.

To, mu dawo yankinmu. Afirka ta Yamma tana da tata cutar mai tushe a ramin ɓera, wato zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda aka yi dogon nazari a kansa a ƙauyen Dielmo na ƙasar Senegal. Kaskar da ke yaɗa shi mai laushin jiki ce, tana zaune cikin ramukan ɓeraye, har da waɗanda suka ɓulle cikin ɗakunan kwana. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin 'yan mintoci ta koma, mai barci bai sani ba. Irin wannan kaska, idan aka kashe ɓeran aka bar ramin a buɗe, yunwa tana iya tura ta kan mutanen gidan. Abin da aka yi a Dielmo shi ne toshe ramuka da yi wa ɗakuna daɓen siminti, kuma cutar ta ragu ƙwarai. Wannan aiki ne da kowane maigida zai iya farawa bana, ya haɗa da gyara gindin rumbu da rufe abinci, wanda kuma yake rage haɗarin zazzaɓin Lassa.

Makiyaya kuwa, ku sani cewa kaskar nan mai shuɗi-shuɗi da ke jawo wa shanu fitsarin jini a jikin saniya ɗaya take girma tun tana ƙarama, don haka maganin ɓera bai shafe ta ba. Nata magani wanke garke ne bisa shawarar likitan dabbobi.

Kada wani ya ji wannan darasi ya jiƙa auduga da fiya-fiya ko maganin feshin shinkafa ya baza a gida ko a fadama. Permethrin yana kashe kyanwa, kuma shi da fipronil duka guba ne ga kifi da ƙudan zuma, abin da bai kamata mu yi wasa da shi ba a ƙasar masunta irin tamu. Wanda kuma zazzaɓi ya sake shi kwanaki kaɗan sannan ya dawo, aka gwada jininsa ba a ga maleriya ba, ya gaya wa ma'aikacin lafiya idan akwai ramukan ɓera a ɗakin da yake kwana, domin cutar tana jin maganin doxycycline idan likita ya tabbatar da ita.