Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kebbi Daga 'Yan Mazan Jiya Na Ƙasar Zuru

Mai Girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Zuru, hakimai da dagatai, iyayenmu mata, 'yan uwana 'yan mazan jiya, assalamu alaikum.

A madadin tsofaffin sojoji na ƙasar Zuru da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ina yi maka lale marhabin, tare da godiya bisa tasowar da ka yi takanas daga Birnin Kebbi domin jin ta bakinmu kan ɗaukar ma'aikatan lafiyar da za su riƙa kula da mu.

Ranka ya daɗe, ka sauka ƙasar sojoji. Nan ce mahaifar Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma marigayi Sarki Muhammadu Sani Sami kansa Manjo Janar ne. A wannan rumfa akwai waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da waɗanda suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da ƙannenmu da suka dawo daga Arewa maso Gabas.

Wanda ya riƙe bindiga a yaƙin basasa yana ɗan shekara 18, yau ya haura saba'in. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki sun zama abokan zamanmu. Akwai kuma ciwon da ba a gani, wanda soja ke jin kunyar faɗa: dattijon da ke zabura cikin dare yana jiƙe sharkaf da gumi, ko wanda ƙarar salansar babur ke sa shi kwanciya ƙasa a tsakiyar kasuwa. Matansu ne ke jinyarsu shekara da shekaru, ba horo, ba mataimaki, kuma kai irin wannan majinyaci asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato ya fi ƙarfin ɗan fansho.

Gaskiya ne da yawanmu muna da inshorar lafiya ta sojoji, amma katin inshora ba ya auna jini, sai an samu mai aunawa. Roƙonmu shi ne a ɗauki likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da masana lafiyar ƙwaƙwalwa, a fara da 'ya'yanmu da suka kammala makarantar koyon jinya ta Birnin Kebbi da ta kimiyyar lafiya ta Jega, domin ɗan gida ya san harshen majinyaci kuma ba ya saurin neman canjin wurin aiki. A ba su masauki, a biya su albashi kan kari, a kuma ware wasu da za su riƙa bin waɗanda ba sa iya tashi har gidajensu a Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu.

Mun shirya sunayen majinyatanmu gunduma-gunduma, kuma sakatarenmu zai miƙa maka su yanzu. Allah ya taya ka riƙo, ya mayar da kai gida lafiya.