Gyaran Tsohon Sekstant: Laccar da Aka Gabatar a Agege

Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan'uwa, musamman ku matasan da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, abin da na ɗora a kan teburin nan shi ne sekstant, na'urar da matuƙan jirgin ruwa ke auna tsayin rana ko tauraro da ita daga layin da ruwa ya haɗu da sama, domin su san inda suke a tsakiyar teku. John Bird ne ya ƙera na farko a Landan a 1757. Bakansa, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗauke da layukan awo, kashi ɗaya ne cikin shida na da'ira, wato digiri 60, amma da yake haske yana bi ta madubi biyu, yana auna har digiri 120.

Wanda ya tsinci tsohon sekstant ya ga koren tsatsa a jikin tagullarsa, abin da zuciyarsa za ta fara raya masa shi ne ya nemo sanfefa da man goge ƙarfe. Ina roƙonku, kada ku yi haka. A tsofaffin na'urorin, layukan awon an zana su ne a kan siririyar azurfa da aka dasa a cikin bakan, kuma ba su da zurfi ko kaɗan, don haka guga mai ƙarfi tana shafe su, in kuwa suka shafe babu makanikin da zai dawo da su. Ku tuna cewa kuskuren minti ɗaya (kashi ɗaya cikin sittin na digiri) daidai yake da mil ɗaya na teku, wato mita 1,852. Auduga da tsabtataccen ruwa da 'yar sabulu sun isa, a shanya sosai, sannan a sa ɗigo ɗaya na man agogo a inda hannun na'urar, wanda ke zamewa a kan bakan, yake juyawa.

Madubai ne suka fi shan wahala a Legas, saboda danshi da iskar gishiri suna cinye azurfar bayansu, amma waɗannan ana iya canza su.

Bayan canji sai daidaitawa, kuma tana da tsari. Ana fara tabbatar da cewa babban madubin ya tsaya cak a kan jikin na'urar, ta hanyar kai hannun zuwa tsakiyar bakan a leƙa madubin, a ga ko bakan da hotonsa sun zama layi ɗaya. Daga nan a koma kan ƙaramin madubi, a mayar da awo kan sifiri a dubi teku. Idan layin ruwan ya karye gida biyu, akwai kuskure. In bai wuce minti biyu ko uku ba, ni na fi son a rubuta shi a riƙa cirewa ko ƙarawa a lissafi, domin yawan murɗa ƙananan notunan daidaita madubin yana sa su saki.

Wajen gwaji mun yi dace, tunda tekunmu tana kudu, kuma a watan Disamba rana tana tsayawa ta kudu da tsakar rana, kimanin digiri 60 a sama. Sai dai lokacin hunturu ne, saboda haka ku jira ranar da hazo ya washe kafin ku sauka bakin ruwa.