Bagadaza a idon baƙo: abin da ake fara gani

Da an ambaci Iraƙi, bam da hayaƙi ne ke faɗo wa yawancinmu a rai. Ba kuma banza ba: Amurka ta mamaye ƙasar a 2003, rikicin Sunni da Shi'a ya yi ƙamari a 2006 da 2007, ga kuma ISIS, wadda sai a Disambar 2017 gwamnati ta sanar da murƙushe ta.

To, wanda ya sauka Bagadaza yau, da me yake fara cin karo? Da cunkoson motoci. Sai shingayen jami'an tsaro, a karɓi fasfo, a duba, a miƙo maka. Ga ragowar dogayen katangun kankare na zamanin bama-bamai. Ga wayoyin janaretan unguwa sun yi saƙa a sama, saboda wutar gwamnati ba ta zama, a garin da zafinsa kan kai digiri 50 a watan Yuli.

Amma abin da ya fi ɗaure wa baƙi kai shi ne mutanen. Mai shayi zai miƙo maka baƙin shayi mai zaƙi a ɗan kofin gilas da suke kira istikan. Sau da yawa kana ciro kuɗi zai dafa ƙirji, ya ce ai kai baƙo ne.

Ranar Juma'a ku leƙa titin Mutanabbi, kasuwar littattafai da ke gab da kogin Dijla. Nan bam ya tashi cikin mota a Maris 2007, ya hallaka mutane da dama, ya ƙone gidan shayin Shabandar da aka buɗe tun 1917. Mai gidan ya rasa 'ya'yansa huɗu da jika a rana guda. Ya sake gina wurin, ya rataye hotunansu a bakin ƙofa, kuma har yau dattawa da ɗalibai cika shi suke yi. Wallahi wannan juriya ta isa a jinjina mata.

Ɗan Ƙadiriyya daga Kano ko Sakkwato kuwa, unguwar Bab al-Shaikh zai fara nufa, inda makwancin Shehu Abdulƙadir Jilani yake, wanda ya rasu a 1166.

Kada dai a ɗauka ƙura ta gama lafawa. Akwai ƙungiyoyi masu makamai da ba sa jin maganar gwamnati, kuma duk sa'ad da aka sa zare tsakanin Iran da Amurka, Iraƙi na jin jiki. Mai niyyar tafiya ya bibiyi labaran makon da zai tashi, ya nemi ɗan gari mai yi masa jagora, kuma kada ya ɗauki hoton shingen tsaro.