Yadda Ake Gane Kwaɗo Daga Kukansa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Idan aka yi ruwan sama da yamma, dare ya yi, fadama da kududdufi suka kaure da hayaniya, yawancinmu sai mu ce kwaɗi na kuka, shi ke nan. To amma ku kasa kunne da kyau. Sau da yawa ba iri ɗaya ne ke kuka a wurin ba. Akwai kwaɗi fiye da iri 7,000 a duniya, kuma kusan kowane iri da nasa kukan. Kwaɗo gwanin ɓuya ne, launinsa ya saje da taɓo da ciyawa, shi ya sa masu bincike suka fi dogara da kunne a kan ido.

Wannan kukan na dare, maza ne ke yin sa, kiran mata suke yi. Namijin zai rufe baki da hanci, ya turo iska daga huhu ta bi ta maƙogwaro ta shiga wata jakar fata da ke ƙarƙashin haɓarsa. Jakar ta kumbura, ta ƙara wa muryar amo, sannan iskar ta sake komawa huhu. Da iska guda yake ta juyawa, don haka yana iya kwana yana kuka. Ita kuwa macen, kunnenta ya fi ɗaukar muryar mazan irinta, ko da kuwa wasu irin sun cika wurin da ƙara.

Abin da za ku fara lura da shi shi ne kaurin murya. Galibi babban kwaɗo muryarsa na da kauri, ƙarami kuma siririya. Ƙananan kwaɗin da ke maƙalewa a jikin ciyawar bakin ruwa, waɗanda wasunsu ba su wuce kan yatsa ba, kukansu kamar ana ƙwanƙwasa kwalba da cokali. Shi kuwa kwaɗon nan mai kaushin fata da ke zuwa har cikin lambu, nasa kukan dogo ne mai gurnani.

Amma inda aikin yake shi ne tsarin kukan. Guda-guda yake fitowa, ko a jere ba tsayawa? Akwai tazara tsakani? Yana tashi sama a ƙarshe? A Amurka akwai wasu kwaɗin bishiya masu launin toka iri biyu da ido ba ya iya rarrabe su, sai dai ɗaya kukansa ya fi ɗayan sauri. A tsibirin Puwato Riko kuma akwai ɗan ƙaramin kwaɗo da ake kira koki saboda abin da yake faɗa ke nan. An gano cewa "ko" gargaɗi ne ga sauran maza, "ki" kuma kiran mata. Wannan abu yana burge ni ƙwarai, saƙo biyu a numfashi ɗaya.

Sai dai a yi hattara da yanayi. Jikin kwaɗo na bin zafin wurin da yake, don haka a dare mai ɗumi kukansa ya fi sauri, a mai sanyi ya ja da baya. Kada ku ɗauka wani iri ne daban. Gyare ma yana ruɗa mutane, amma shi da fukafukai yake ƙararsa.

Ku lura da inda muryar ke fitowa: cikin ruwa, gefen taɓo, ko saman reshe. Ku sa tafin hannuwanku a bayan kunne, ku juya kai a hankali, za ku ji ta ware daga sauran. Idan sun yi shiru da isowarku, ku kashe tocila ku tsaya cik, ba da jimawa ba ɗaya zai fara, sauran su amsa.

Sannan ku naɗi kukan da waya, ko na daƙiƙa 30 ne, ku faɗi wurin da ranar da lokacin a ciki. Gidan tarihi na Ostireliya ya fito da manhajar FrogID a 2017, mutane na tura irin wannan naɗi, ƙwararru su saurara su faɗi irin kwaɗon. Fatar kwaɗo na shan abubuwa da yawa da ke cikin ruwa, har maganin feshi, don haka idan muryar da kuka naɗa bana ta ɓace baɗi a wuri guda, ruwan wurin za a fara dubawa.