A York "gate" titi ne, ƙofa kuma "bar"

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina birnin York a arewacin Ingila, sanyi kam ba a magana, in kunji muryata na rawa ku yi haƙuri. Ku kalli allon nan sama da kaina, an rubuta Coppergate. Toh duk wanda ya yi firamare zai ce gate ai ƙofa ce, amma ku duba da kyau babu ƙofa ko ɗaya a nan, titi ne kawai da shaguna. A garin nan gate titi ake nufi, ƙofar ganuwa kuma bar suke ce mata, Monk Bar, Bootham Bar, Micklegate Bar, so in ɗan gari yace maka mu haɗu a bar kar ka ce a'uzubillahi, ba lallai mashaya yake nufi ba.

Dalili kuwa, a shekarar 866 mayaƙan Viking daga wajajen Denmak suka ci garin nan da yaƙi suka zauna, suna ce masa Jorvik, kuma a yarensu gata shine hanya. Shi Coppergate ɗin ma ba ruwansa da tagulla, titin masu sassaƙa kofuna da akushi na katako ne. Micklegate kuma babban titi, mickle tsohuwar kalma ce ta babba ko mai yawa.

Bari in juya kyamara, mun shigo Shambles. Kunga yadda lungun ya matse, benayen sun sunkuyo ta sama kamar za su yi karo da juna. Ku kalli ƙugiyoyin ƙarfen nan a saman taga, da wannan katakon mai faɗi a ƙasanta, nan mahauta suke shimfiɗa nama, can kuma su rataye. Katakon shi ake kira shamel a da, daga nan sunan ya fito. Tsakiyar hanyar nan da ya ɗan lotsa, ta nan jini da kayan ciki suke bi in an watsa ruwa. Daga teburin nama kalmar ta koma nufin kwata, wato mayanka, daga kwata ta koma duk wani waje da ya hargitse, yanzu in Bature yace aikinka shambles ne toh ya gama da kai, kaca-kaca yake nufi. Yau dai alawa da tsarabar 'yan yawon buɗe ido ake sayarwa a lungun, da tsada kuma wallahi, ni kallo kawai nake.

Amma wadda tafi burge ni ita ce thou. Mu da muka taso muna ganinta a tsofaffin fassarar Alƙur'ani na Turanci, thou da thee da thy, mun ɗauka wani Turancin girma ne na manya. Ashe akasin haka ne, thou ta yaro ce da aboki da na ƙasa da kai, you kuma asalinta jam'i ce, ita ake yiwa babba don ladabi, sak yadda za ka cewa abokinka kai amma ka cewa Baba ku, "kun tashi lafiya". Turawa suka yi ta yiwa kowa you har thou ta ɓace a yawancin ƙasar, sai nan Yorkshire da wasu 'yan yankuna ta maƙale a bakin tsofaffi, sun gajarce ta ta koma tha. Wani dattijo a tashar bas yace min "tha looks frozen lad", wato yaro kamar sanyi ya daskarar da kai, shi a wajensa jana yake a jiki.

Akwai su nowt wato babu komai, owt wani abu, bairn ɗan yaro, laik yin wasa, ginnel da snicket duk lungu ne, waɗannan ba za ka gansu a jarrabawar Turanci ta IELTS ba amma direban bas zai iya jefo maka su da safe.

Yanzu zan gangara Micklegate Bar, ƙofar da aka soke kan Richard, Duke na York, a samanta bayan an kashe shi a yaƙin Wakefield a 1460. Bari in saka safar hannu tukuna, yatsuna sun ƙi riƙe waya.